Tambayoyi da Amsoshi Kan Bunƙasar Ƙwallon Ƙafa a Japan, Ƙasar da Besbol Ya Riga Ya Mamaye

Wanda ya kalli gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, ya ga yadda Japan ta doke Jamus da ci 2-1 sannan ta maimaita wa Sifaniya irin wannan ci, zai iya ɗauka cewa ƙwallon ƙafa ne wasan da ya fi kowane farin jini a ƙasar. Alhali kuwa besbol ne ke riƙe da wannan matsayi tun kafin yaƙin duniya na biyu, kuma har yau bai sauka ba. Tambayoyin da ke biye sun bi diddigin yadda ƙwallon ƙafa ya nemo wa kansa wurin zama a ƙasar da wani wasa ya riga shi shiga zukatan jama'a.

Wane irin wasa ne besbol, kuma yaya aka yi ya kafu a Japan?

Besbol wasa ne na ƙungiyoyi biyu masu 'yan wasa tara-tara, inda wani ke jefa ƙwallo da hannu, wani daga ɗaya ɓangaren ya doke ta da gora, sannan ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu kafin a kama shi. Wani malamin makaranta Ba'amurke mai suna Horace Wilson ne ya koya wa ɗalibansa a Tokyo a 1872, lokacin da Japan ke buɗe ƙofofinta ga ilimin Turai da Amurka, kuma daga makarantu wasan ya bazu. A 1915 aka fara gasar makarantun sakandare ta ƙasa, wadda daga baya ta koma filin Koshien da aka gina a 1924 a garin Nishinomiya. Wannan gasa ce asalin ƙarfin besbol a ƙasar. Duk watan Agusta makarantu 49 ke haɗuwa a can, gidan talabijin na ƙasa yana nuna wasannin kai tsaye, kuma yaran da aka fitar sukan durƙusa su kwashi ƙasar filin su tafi da ita gida don tunawa.

Wasan ƙwararru ya biyo baya a shekarun 1930, bayan ziyarar da taurarin Amurka irin su Babe Ruth suka kai a 1934. Daga 1950 aka raba ƙungiyoyin gida biyu, kuma yau su 12 ne. Ƙungiyar Yomiuri Giants, mallakar babban kamfanin jarida, ta lashe kambun ƙasa sau tara a jere daga 1965 zuwa 1973, tana da taurarin 'yan wasa Sadaharu Oh da Shigeo Nagashima, kuma kusan kowane dare na kakar wasa ana nuna ta a talabijin. Yaron da ya tashi a wannan zamani bai san wani babban wasa ba sai besbol da kokawar sumo.

Ke nan ƙwallon ƙafa baƙo ne da ya iso daga baya?

A'a, kusan tare suka iso. Ana danganta shigowar ƙwallon ƙafa da jami'an sojan ruwan Birtaniya da suka je koyarwa a Tokyo a 1873, shekara guda kacal bayan besbol. An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Japan a 1921, ta shiga FIFA a 1929, kuma a gasar Olamfik ta Berlin a 1936 tawagar ƙasar ta doke Sweden da ci 3-2 bayan an zura mata biyu. Sai dai wasan ya tsaya a jami'o'i da wasu yankuna kaɗan irin su Shizuoka da Hiroshima da Saitama, bai samu manyan jaridun da za su ɗauki nauyinsa yadda suka ɗauki na besbol ba.

Da Tokyo ta samu karɓar baƙuncin Olamfik ta 1964, hukumar ta gayyato wani koci Bajamushe, Dettmar Cramer, a 1960. Shi ya koyar da tushen wasan tun daga yadda ake tsayar da ƙwallo, kuma kafin ya tafi ya ba da shawarar a kafa lig na ƙasa, a kuma horar da masu horarwa. An kafa lig ɗin a 1965. A Olamfik ta 1968 a Mexico, Japan ta samu lambar tagulla bayan ta doke masu masaukin baƙi da ci 2-0, kuma Kunishige Kamamoto ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da guda bakwai. Uku daga ciki a ragar Najeriya ya zura su, a wasan farko da Japan ta ci 3-1.

Me ya sa wannan nasara ta 1968 ba ta ɗore ba?

Saboda ƙungiyoyin lig ɗin sassa ne na kamfanoni, irin su Mitsubishi da Furukawa da Hitachi da Yanmar da Toyo Kogyo, wanda aka fi sani da Mazda a yau. 'Yan wasan ma'aikata ne, sukan yi aiki da safe su yi atisaye da yamma, kuma idan ɗan wasa ya yi ritaya sai ya koma teburinsa a ofis. Mutumin gari ba shi da dalilin son ƙungiyar kamfanin da ba ya yi wa aiki, don haka filaye suka kasance kusan wayam, sau da yawa 'yan kallo ba sa wuce dubu biyu ko uku. Japan ta shafe shekaru 28 ba ta sake zuwa ƙwallon Olamfik ba, kofin duniya kuwa ba ta taɓa leƙawa ba, yayin da maƙwabciyarta Koriya ta Kudu ta kafa lig na ƙwararru tun 1983, ta kuma riƙa shan gabanta a wasannin share fage.

To me ya canza a 1993?

A ranar 15 ga Mayun 1993 aka buɗe gasar J.League, lig ɗin ƙwallon ƙafa na ƙwararru, a babban filin wasa na ƙasa da ke Tokyo, inda Yokohama Marinos ta doke Verdy Kawasaki da ci 2-1. Ƙungiyoyi goma ne suka fara. Jagoran shirin, Saburo Kawabuchi, tsohon ɗan wasan ƙasa ne da ya je Jamus atisaye a 1960, ya ga yadda ƙananan garuruwa ke da filaye masu ciyawa da kulob ɗin wasanni da yara da manya ke shiga, kuma abin bai bar zuciyarsa ba. Sharuɗɗan da aka gindaya wa duk ƙungiyar da ke son shiga sun haɗa da ta zama kamfani mai cin gashin kansa, ta zaɓi garin da za ta kira gida, ta samu fili mai ɗaukar aƙalla mutum dubu 15 da fitilun dare, ta kuma kafa ƙungiyoyin matasa na shekaru daban-daban tare da masu horarwa masu lasisi. Wannan sharaɗi na ƙarshe bai ja hankalin jaridu ba a lokacin, amma shi ne ya fi kowane tasiri daga baya.

Me ya sa aka dage cewa ƙungiya ta ɗauki sunan gari maimakon sunan kamfani?

Nan ne zuciyar labarin take. A besbol na Japan kamfani ne ke gaba: Giants ta jaridar Yomiuri ce, Hanshin Tigers ta kamfanin jirgin ƙasa ce, Yakult Swallows ta kamfanin abin sha ce, kuma masu su na kallon su a matsayin hanyar talla. A 1993 tara daga cikin ƙungiyoyi 12 na besbol suna cunkushe ne a yankunan Tokyo da Osaka, sauran ukun na Nagoya da Hiroshima da Fukuoka. Japan kuwa tana da larduna 47. Mafi yawan 'yan ƙasar ba su da ƙungiyar ƙwararru a kusa da su, sai dai su kalli Giants a talabijin. Masu shirya J.League sun gane cewa ba za su iya ƙwace wa besbol manyan birane da daren talabijin ba, sai suka nufi inda ya bari babu kowa, wato matsakaita da ƙananan garuruwa masu ƙishirwar abin da za su kira nasu.

Wannan mataki bai yi wa kowa daɗi ba. Tsuneo Watanabe, shugaban kamfanin Yomiuri mai ƙungiyar Verdy a lokacin, ya so ya mai da ita Giants ta ƙwallon ƙafa, mai sunan kamfani da magoya baya a duk faɗin ƙasa, kuma ya daɗe yana sa-in-sa da Kawabuchi a bainar jama'a. Kawabuchi bai ja da baya ba. Verdy ta lashe kaka biyu na farko, amma da Yomiuri ta janye hannunta a ƙarshen shekarun 1990 sai ƙungiyar ta shiga halin ni-'yasu, ta bar Kawasaki ta koma Tokyo, ta faɗa rukuni na biyu, kuma ta daɗe a can kafin ta dawo a 2024.

Kashima ce ta nuna ɗaya fuskar. Ƙaramin gari ne na masana'antar ƙarfe a lardin Ibaraki, mutanensa ba su kai dubu 50 ba a lokacin, ƙungiyarsa ta kamfanin Sumitomo kuma tana rukuni na biyu. An gaya musu cewa da wuya ƙwarai a karɓe su sai idan sun gina fili na ƙwallon ƙafa zalla mai rufi, aka yi zaton za su haƙura, sai gwamnatin lardin ta gina shi. Yau Kashima Antlers ta fi kowace ƙungiya yawan lashe lig, ta ci kofin zakarun Asiya a 2018, kuma a 2016 sai da Real Madrid ta shiga ƙarin lokaci kafin ta doke ta 4-2 a wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙungiyoyi. Haka Niigata, birnin dusar ƙanƙara da ba shi da ƙungiyar besbol ta babban lig, ya riƙa tara kusan mutum dubu 40 a kowane wasan gida a tsakiyar shekarun 2000. A ganina, ba don wannan dagewa kan sunan gari ba, da J.League ta zama ƙaramar ƙanwar besbol, ta mutu da zarar kamfanoni sun gaji.

Wace rawa taurarin ƙasashen waje suka taka?

An kawo su ne don jan 'yan kallo, kuma sun ja. Gary Lineker ya je Nagoya, Pierre Littbarski ya je JEF United, Dunga ya buga wa Jubilo Iwata yana kyaftin ɗin Brazil, Dragan Stojkovic ya zama gwarzon Nagoya, inda Arsène Wenger ya horar daga 1995 zuwa 1996 kafin ya wuce Arsenal. Amma babu wanda ya kai Zico tasiri, domin tun 1991 ya je Kashima, lokacin da ƙungiyar ba ta da ko filin atisaye na kirki, ya riƙa koya wa 'yan wasa yadda ƙwararre ke cin abinci da hutawa da kula da takalmansa. A wasan farko na Kashima a lig ya ci ƙwallo uku yana da shekara 40.

'Yan Afirka ma sun bar tarihi. Patrick Mboma na Kamaru ya fi kowa cin ƙwallo a 1997 a Gamba Osaka, Peter Utaka na Najeriya ya yi kunnen doki a wannan kambu a 2016 yana Sanfrecce Hiroshima, Michael Olunga na Kenya kuma ya zama gwarzon lig a 2020 a Kashiwa Reysol.

Shin tun daga 1993 al'amura suka riƙa tafiya daidai?

Ko kusa. Shekaru biyu na farko tikiti ya yi wuyar samu, matsakaicin 'yan kallo ya haura dubu 19 a 1994, amma zuwa 1997 ya faɗo kusan dubu 10. Tattalin arzikin ƙasar ya shiga matsi, ɗokin sabon abu ya wuce, albashin taurari ya fi ƙarfin ƙungiyoyi. A 1998 ɗaya daga cikin kamfanonin da ke riƙe da Yokohama Flügels ya janye, aka sanar da haɗe ta da Marinos ba tare da an tuntuɓi magoya baya ba. 'Yan wasan sun ci gaba da cin wasanninsu har suka ɗaga Kofin Sarki a ranar 1 ga Janairun 1999, kuma wannan ne wasan ƙungiyar na ƙarshe. Magoya bayanta suka tara kuɗi suka kafa Yokohama FC.

Hukumar lig ta ɗauki darasi. Ta tsaurara binciken kuɗin ƙungiyoyi, ta ɗora ƙa'ida kan albashin sababbin 'yan wasa, ta buɗe rukuni na biyu a 1999 don ƙananan garuruwa su shigo da kuɗi kaɗan, sannan rukuni na uku a 2014. Tun 1996 ta riga ta shelanta abin da ta kira shirin shekara ɗari, mai burin kowane yanki ya samu kulob da fili mai ciyawa. Yau akwai ƙungiyoyi 60 a rukunai uku, a larduna sama da 40.

Yaya tawagar ƙasa ta taimaka wajen jawo hankalin jama'a?

Abin da ya fara haɗa 'yan Japan a kan ƙwallon ƙafa baƙin ciki ne. A ranar 28 ga Oktoban 1993 a Doha, Japan na gaban Iraki da ci 2-1, saura daƙiƙoƙi ta samu gurbin kofin duniya na 1994, sai Iraki ta farke. Miliyoyin mutane sun kalli wasan da tsakar dare, kuma har yau ana kiran ranar da masifar Doha. Hajime Moriyasu, wanda ya jagoranci tawagar da ta doke Jamus da Sifaniya a wannan birni na Doha a 2022, yana cikin fili a daren.

A Nuwamban 1997 Japan ta doke Iran 3-2 a Johor Bahru ta Malesiya, ta samu zuwa Faransa 1998, inda ta sha kashi a duk wasanninta uku. Daga nan ba ta sake rasa gurbi ba, kuma a Maris na 2025 ta zama ƙasa ta farko, ban da masu masaukin baƙi, da ta samu tikitin gasar 2026, karo na takwas a jere. Karɓar baƙuncin gasar 2002 tare da Koriya ta Kudu ya bar wa ƙasar manyan filaye a wurare irin su Saitama da Niigata da Oita da Sapporo. Ta kai zagayen 'yan 16 a 2002 da 2010 da 2018 da 2022, ta kuma ci kofin Asiya sau huɗu, a 1992 da 2000 da 2004 da 2011. Wannan fage ne da besbol ba zai iya gogayya da shi ba, domin ƙasashen da ke buga besbol da gaske ba su da yawa, ƙwallon ƙafa kuwa yana bai wa Japan damar auna kanta da duniya baki ɗaya.

Akwai wata alaƙa tsakanin wannan tarihi da Najeriya?

Akwai, kuma ta shafi Arewa kai tsaye. A gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 1999, rukunin Japan a Kano da Bauchi aka buga shi. Ta fara da shan kashi 2-1 a hannun Kamaru a Kano, sannan ta doke Amurka da Ingila a Bauchi, ta fitar da Fotugal a bugun fenareti, ta wuce Mexico da Uruguay, har ta kai wasan ƙarshe a Legas, inda Sifaniya mai ɗauke da Xavi ta ci ta 4-0. Shi ne karon farko da wata tawagar maza ta Japan ta kai wasan ƙarshe a gasar FIFA. Kocinta Philippe Troussier ne, wanda ya horar da Super Eagles a 1997, 'yan wasan kuma sun haɗa da Shinji Ono da Junichi Inamoto da Naohiro Takahara da Yasuhito Endo, yaran da suka shiga samartaka daidai lokacin da aka buɗe J.League. Su suka zama ƙashin bayan babbar tawaga na shekaru goma masu zuwa.

Kafin nan, a Olamfik ta Atlanta a 1996, Japan ta doke Brazil 1-0 a Miami, amma Najeriya ta ci ta 2-0, kuma duk da ƙasashen uku sun tashi da maki shida-shida, Japan ce ta fita saboda bambancin ƙwallaye, Najeriya ta wuce har ta ɗauki zinare. A Olamfik ta 2016 an sake haɗuwa a Manaus, Najeriya ta yi nasara 5-4, Oghenekaro Etebo ya ci huɗu.

Daga ina 'yan wasan Japan ke fitowa?

Hanyoyi biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Akwai makarantun horar da matasa na ƙungiyoyin J.League, akwai kuma ƙungiyoyin makarantun sakandare, waɗanda ke da gasarsu ta ƙasa a lokacin sanyi, ana nuna ta a talabijin, wasan ƙarshe kuma yana cika babban filin Tokyo. A nan ƙwallon ƙafa ya amfana da al'adar wasannin makaranta da besbol ya shimfiɗa. Amfanin hanya biyu shi ne yaron da aka ƙi a wuri ɗaya yana da wata ƙofa. Shunsuke Nakamura da Keisuke Honda duk ba a ɗaga su zuwa matakin gaba ba a makarantun ƙungiyoyinsu, suka koma ƙwallon sakandare, daga baya suka zama taurarin ƙasa. Jami'o'i ma suna fitar da 'yan wasa. Kaoru Mitoma ya ƙi sa hannu a kwantiragin ƙwararru da Kawasaki Frontale yana ɗan shekara 18, ya tafi Jami'ar Tsukuba, ya yi binciken kammala karatunsa kan yanka da ƙwallo, sannan ya dawo ya buga wa ƙungiyar kafin Brighton ta saye shi.

Akwai kuma tasirin labarin zane na Captain Tsubasa, wanda Yoichi Takahashi ya fara fitarwa a 1981, aka mai da shi shirin talabijin na yara, a ƙasashen Larabawa kuma aka san shi da Kyaftin Majid. Ya sa ɗimbin yara sun zaɓi ƙwallon ƙafa shekaru goma kafin a samu lig ɗin ƙwararru da za su shiga.

Ina matsayin mata a wannan ci gaba?

Su ne suka fara kawo wa Japan kofin duniya. A ranar 17 ga Yulin 2011 a Frankfurt, wata huɗu bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku da suka hallaka dubban mutane a arewa maso gabashin ƙasar, tawagar mata da ake kira Nadeshiko ta farke Amurka sau biyu, kyaftin Homare Sawa ta ci ta biyun a minti na 117, sannan suka yi nasara a bugun fenareti. Da yawa daga cikin 'yan wasan lig ɗin mata a lokacin suna wani aikin ne da rana don su ci abinci. Sun samu azurfa a Olamfik ta 2012, sun sake kai wa wasan ƙarshe a 2015, amma sai a 2021 aka buɗe musu lig na ƙwararru mai suna WE League, wanda har yanzu yake fama da ƙarancin 'yan kallo.

Tafiyar 'yan wasa Turai riba ce ko asara ga ƙwallon cikin gida?

Duka biyun ne. Yasuhiko Okudera ya buɗe hanya a Cologne a 1977, Hidetoshi Nakata ya je Perugia a 1998 ya kuma ci lig ɗin Italiya da Roma a 2001, Shinji Kagawa ya haskaka a Dortmund, Shinji Okazaki na cikin Leicester da ta ɗauki kofin Firimiya a 2016. Yanzu mafi yawan 'yan tawagar ƙasa a Turai suke, har hukumar ƙwallon Japan ta buɗe ofis a Düsseldorf don kula da su, wani kamfanin Japan kuma ya sayi ƙungiyar Sint-Truiden ta Beljiyam a 2017, ta zama mashigar matasa zuwa nahiyar. Tawagar ƙasa ta ƙara ƙarfi ƙwarai. Amma lig na gida yana rasa taurarinsa tun suna da shekara 21 ko 22, sau da yawa a kan kuɗi kaɗan, kuma wannan matsala ce da masu bin lig ɗin Najeriya ko Ghana suka sani sarai, sai dai a Japan ƙungiyoyin suna da makarantun da ke fitar da wasu a madadinsu.

Shin ƙwallon ƙafa ya wuce besbol a yanzu?

Bai wuce ba, idan ana maganar kuɗi da 'yan kallo da labaran yau da kullum. A 2024 mutanen da suka shiga filayen babban lig ɗin besbol sun haura miliyan 26, matsakaicin kowane wasa ya zarce dubu 30, yayin da rukunin farko na J.League ke tara kusan dubu 20. Kowace ƙungiyar besbol tana buga wasa 143 a kaka, kusan kullum ke nan, don haka wasan yana cikin hirar ofis da ta jirgin ƙasa fiye da wanda ake bugawa sau ɗaya a mako. Ga kuma Shohei Ohtani, wanda ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 700 na shekara goma da Los Angeles Dodgers a Disamban 2023, bayan ya jagoranci Japan ta doke Amurka a gasar besbol ta duniya a watan Maris na shekarar. Babu ɗan ƙwallon ƙafa a ƙasar da ya kama ƙafarsa a shahara.

Inda ƙwallon ƙafa ya yi zarra shi ne yawan garuruwan da ke da ƙungiya, da kuma yaran da ke bugawa. Adadin 'yan besbol a makarantun sakandare ya kai ƙololuwa, kusan dubu 170, a 2014, kuma tun daga lokacin yake raguwa. Iyaye da yawa na kokawa da tsadar kayan wasan, da tsawon lokacin atisaye, da tsohuwar al'adar tilasta wa yara aske kai ƙwal.

Yaya besbol ya tunkari wannan ƙalubale?

Ya kwaikwayi abokin hamayyarsa. A 2004, da aka yanke shawarar haɗe ƙungiyoyin besbol na Kintetsu da Orix, 'yan wasan besbol suka shiga yajin aiki karo na farko a tarihinsu, kuma sakamakon rikicin shi ne kafa sabuwar ƙungiya ta Rakuten a Sendai, a arewa maso gabas. A wannan shekara ƙungiyar Nippon Ham ta bar Tokyo ta koma tsibirin Hokkaido, ta sa sunan yankin a gaban na kamfani. Ƙungiyoyi suka fara buɗe makarantun yara, suna kai ziyara unguwanni, suna neman iyalai da mata su zo fili. Cikar da filayen besbol ke yi a yau tana da nasaba da darasin da aka koya daga J.League.

Haka abin yake a sauran ƙasashen da besbol ke da ƙarfi?

Ƙwallon ƙafa na ƙaruwa a kusan dukkansu, amma ba da irin wannan tsari ba. Venezuela ta zo ta huɗu a gasar Copa América ta 2011, matasanta sun kai wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2017, amma ita kaɗai ce cikin ƙasashe goma na hukumar Kudancin Amurka da ba ta taɓa zuwa babban kofin duniya ba, rikicin tattalin arziki kuma ya raunana lig ɗinta. Panama ta fara zuwa a 2018. Jamhuriyar Dominika ta kafa lig na ƙwararru a 2015, ta kuma buga Olamfik ta Paris a 2024, duk da cewa makarantun ƙungiyoyin besbol na Amurka da ke ƙasar su ne har yanzu babbar hanyar da yaron talaka ke hangen arziki. A Kuba, wadda ta buga kofin duniya tun 1938, matasa sun rungumi Real Madrid da Barcelona ta talabijin, amma babu lig mai ƙarfi a gida. Bambancin Japan shi ne ta haɗa kuɗi da makarantu da ƙananan hukumomi masu gina filaye, da kuma shugabannin wasa da suka yarda su yi aikin da ba za su ga ƙarshensa ba.

Waɗanne matsaloli ne ke gaban ƙwallon ƙafa a ƙasar?

Babbar matsalar ita ce raguwar haihuwa. Yawan jama'ar Japan na raguwa, kuma ƙananan garuruwan da J.League ta dogara da su ne suka fi saurin tsufa da zama kufai, har wasu makarantu sai sun haɗu kafin su iya fitar da 'yan wasa 11. Ƙungiyoyi da dama a rukuni na biyu da na uku suna rayuwa ne da tallafin ƙananan hukumomi da 'yan kasuwar gari, kuma ana muhawara kan ko ya dace a ci gaba da kashe kuɗin haraji wajen gina filayen da ake amfani da su kwanaki kaɗan a shekara. Yarjejeniyar nuna wasanni ta intanet da aka ƙulla da kamfanin DAZN daga 2017, ta kuɗin Japan yen biliyan 210 a shekara goma, ta kawo kuɗi masu yawa, amma ta rage yawan wasannin da mai kallo na yau da kullum ke cin karo da su kyauta a talabijin.

Sai kuma batun lokacin wasa. Zafin bazara a Japan ya tsananta, ga kuma rashin daidaito da kasuwar 'yan wasa ta Turai, shi ya sa a Disamban 2023 aka yanke shawarar cewa daga kakar 2026 zuwa 2027 za a riƙa farawa a Agusta a ƙare a Mayu, tare da dogon hutu a tsakiyar sanyi. Ƙungiyoyin yankunan dusar ƙanƙara, musamman Niigata, sun nuna adawa, domin su ne za su nemi wurin atisaye mai rufi da kuɗin zama a kudu na makonni. Hukumar ƙwallon ƙasar kuwa tana nan kan alƙawarin da ta rubuta a 2005, na cewa kafin 2050 Japan za ta sake karɓar baƙuncin kofin duniya, ta kuma lashe shi.